Auta tsakanin Yamai da Kwatano

Saƙon Inna

Auta ɗiyar Maraɗi ce. Ita ce ƙarama cikin gidansu, shi ya sa kowa yake kiranta haka. A shekarar 2019 tana da shekara 12, ta gama aji biyar, kuma ba ta taɓa wuce Gidan Rumji ba.

Babban wanta ya yi shekara uku a Kwatano, cikin ƙasar Benin. Yana koyon gyaran manyan motoci a wani gareji kusa da tashar jiragen ruwa. Tun da ya tafi bai zo gida ba.

Babbar salla ta wannan shekara ta faɗo cikin watan Agusta, lokacin babban hutu. Inna ta soya naman layya, ta ware kason Yaya, ta zuba cikin kwano, ta ɗaure da ƙyalle. Sai ga Gwaggo ta zo barka da salla daga Yamai. Gwaggo ƴar kasuwa ce, tana zuwa Kwatano sarin atamfa. Ta ce a ba ta Auta ta raka ta.

Baba ya yi kwana biyu yana haɗa takardu: takardar haihuwa, da takardar izinin iyaye, da katin lambar shawara. In babu su, yaro ba ya ƙetare iyakar ƙasa.

Daren tafiya Inna ta kira Auta cikin ɗaki, ta miƙa mata kwanon, ta ce:

— Ki kai masa wannan hannu da hannu. Kuma ki dube shi da kyau. A waya kullum cewa yake lafiya lau. Idonki nake so ya gano mini.

Auta ta ce:

— To, Inna.

Ta sa kwanon cikin jakarta, tare da littafin rubutu da alƙalami.

Yamai

Daga Maraɗi zuwa Yamai ya fi kilomita 600. Babbar motar fasinja, wadda ake ce ma kar, ta ɗauke su tun da duhu. Da la'asar, kusa da Kure, direba ya rage gudu. Raƙuman dawa uku suna cin ganyen itace nesa kaɗan da hanya. Irin waɗannan raƙuman dawa sun ƙare cikin duk Afirka ta Yamma, sai a Nijar. A 1996 guda 49 kaɗai suka rage. Da aka tsare su, suka yi yawa, har suka wuce 600.

Gwaggo tana da sauran aiki a Yamai, sai suka yi kwana biyu. Da safe, kafin su fita, ta zaunar da Auta, ta ce:

— Ɗiyata, baƙo makaho ne ko da idonsa. Abu uku zan gaya miki. Na fari, ki san sunan inda kika kwana, da wani babban abu da ke kusa da shi. Na biyu, ki ƙulle kuɗin mota a bakin zanenki. Na uku, kada ki tambayi mutum hanya ba ki gaishe shi ba.

Auta ta rubuta su cikin littafinta. Ta rubuta sunan unguwa, da lambar wayar Gwaggo, da ta Yaya.

Suka tsaya bakin hanya. Taksin Yamai ba ta mutum guda ba ce. Mai tafiya yakan ɗaga hannu, ya faɗi unguwar da za shi. In hanyar direba ce, sai ya ce a shiga. In ba hanyarsa ba ce, sai ya wuce bai ce komi ba. Taksi biyu suka wuce su. Auta ta zaci raini ne, Gwaggo ta yi dariya. Ta uku ta ɗauke su, kowa ya biya dala 40, wato sefa 200. Akwai kuma ƙananan bas masu zuwa unguwanni na nesa, ana ce musu faba-faba. Da Zabarmanci, faba taimako ne. Sun fi taksi arha, amma sai sun cika suke tashi.

Wurin da suka fara zuwa shi ne gidan tarihi na ƙasa. An buɗe shi a 1959, daga baya aka sa masa sunan Bubu Hama. Auta ta ga zakoki da kuraye da dorina. Ta ga bukkar Filani, da tantin Buzaye, da gidan ƙasa irin na Hausa mai zanko. Ta ga maƙera da dukawa suna aiki gaban mutane. Ƙarƙashin wata rumfa ta ga ƙasusuwan wasu manyan dabbobi da aka tono a Gadufawa, cikin jihar Agadas. Ɗaya kada ne, kansa kaɗai ya fi tsawon Auta. Ya rayu shekara fiye da miliyan 100 da suka wuce, lokacin da wurin yake da koguna.

Amma abin da ya fi tsayar da ita wani busasshen icce ne da aka kewaye. Wannan shi ne iccen Tenere. Ya tsaya shi kaɗai tsakiyar rairayi, ayarin gishiri suna gane hanya da shi. A 1973 wata mota ta buge shi, ya faɗi, aka ɗauko shi aka kawo nan.

Auta ta ce:

— Gwaggo, ashe su ma ayari da babban abu suke gane hanya.

Gwaggo ta ce:

— Kin fara ganewa.

Suka bi ta Babbar Kasuwa, wadda ta ƙone a 1982, aka sake gina ta, aka buɗe a 1987. Da marece suka taka da ƙafa bisa gadar Kenedi. An gama ta a 1970, ita ce gada ta fari da ta haɗa Yamai da ƙetaren kogi, inda jami'a take. Kafin 1926 ma ba Yamai ce babban birni ba, Damagaram ce. Ruwan kogin ya yi ja wur, don damina ce, ƙoramu suna zubo masa jar ƙasa. Masu wanki suna kwashe kaya, masunta suna tura jirage.

Gwaggo ta ce:

— Ki dubi ruwan nan da kyau. Daga ƙasar Gine ya taso, ya ratso Mali. Jibi za mu sake gamuwa da shi a Gaya.

Hanya

Tsakanin Yamai da Kwatano ya fi kilomita 1000. Tun jajibiri Gwaggo ta yanki tikiti, aka rubuta sunayensu. Ƙarfe uku na dare suna tasha. An auna kaya, an zuba cikin cikin mota. Wani ma'aikaci ya riƙe takarda yana kiran suna ɗaya ɗaya, wanda ya ji nasa ya shiga. Auta ta ƙi yarda a sa jakarta cikin kaya. Ta rungume ta bisa cinya.

Suka yi sallar asuba a bakin hanya. Da gari ya waye, Auta ta ga ƙarafan hanyar jirgin ƙasa kwance gefen kwalta. An shimfiɗa su daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, amma ba ta ga jirgi bisansu ba. A Doso hanya ta rabu biyu. Ta gabas ita ce ta gida. Motar ta kama ta kudu.

Sannu sannu ƙasa ta riƙa canzawa. Itace ya yi yawa, giginya ta yi tsawo, ga gonakin rake. Gaya ta fi ko'ina samun ruwan sama cikin Nijar. Bayan garin kaɗan motar ta tsaya, kowa ya sauka da takardunsa. Ƴan sanda suka duba, ƴan duwan suka duba kaya, ma'aikacin lafiya ya duba katin lamba. Sannan suka hau gada. Ga kogin nan, kamar yadda Gwaggo ta faɗa, ya fi na Yamai faɗi a idon Auta. Tsakiyar gada ta rufe ido, ta buɗe. Gwaggo ta ce:

— Kin shigo Benin.

Auta ta duba dama da hagu. Ba ta ga abin da ya sake ba, sai tuta da tufafin ƴan sanda. A Malanbil mutane suna Dandanci da Hausa da Zabarmanci kamar na Gaya. Kuɗin ma ɗaya ne, agogo ma ɗaya. Da sefar da ta taho da ita daga Maraɗi ta sayi ayaba.

Suka wuce Kandi, ƙasar auduga. Duk tsawon hanya suna gamuwa da manyan motoci masu zuwa arewa, sun ɗauko shinkafa da mai da ƙarfen gini. Wasu kuma suna gangarawa kudu da buhunan albasa. Da marece suka isa Paraku, suka ci sakwara da miyar gyaɗa da cukun Filani. Daga Paraku hanyar jirgin ƙasa take farawa zuwa bakin teku, kilomita 438. An gama ta tun 1936, amma ba ta kai Nijar ba. Shi ya sa mota ce take ɗaukar mutane da kaya.

Dare ya yi. Auta ta yi barci da jakarta a ƙirji. Da ta farka, iska ta yi nauyi, jikinta yana danƙo. Tsakar dare ya wuce. Sun iso.

Kwatano

Masaukin Gwaggo yana unguwar Zango, kusa da babban masallaci. Nan Hausawa da sauran mutanen arewa suka daɗe suna zaune. Auta ta rubuta: « Zango, babban masallaci. »

Da safe ta leƙa titi, ta ja da baya. Babura ne kamar fara, masu tuƙa su duka da rawayar riga, kowace riga da lamba a bayanta. Su ne kabu-kabun Kwatano. Ana ce musu zemijan. Da harshen Fon, ma'anarsa a ɗauke ni da sauri. Sun bazu cikin birnin tun shekarun 1980. A Yamai mutum yakan jira taksi ta yarda da shi. A Kwatano kuwa kafin ya ɗaga hannu babura uku sun tsaya. Sai dai a yi ciniki kafin a hau, kada a yi gardama bayan an sauka. Ba a faɗin sunan titi, sai a ce kusa da masallaci kaza, ko bayan Jan Tauraro, wani babban shatale da ke tsakiyar gari.

Da hantsi Yaya ya zo. Auta ta tsaya tana kallonsa kamar yadda aka umurce ta. Ya ƙara tsawo. Ya ɗan rame. Hannuwansa sun yi kauri, baƙin mai ya shiga farcensa. Takalminsa ɗaya an ɗinke shi da waya.

Ya ce:

— Auta, kallon me kike yi mini haka?

Ta ce:

— Aiko ni aka yi, Yaya.

Ta miƙa masa kwanon da hannu biyu. Ya kwance ƙyallen, ya shinshina. Ya daɗe bai yi magana ba. Ya ci tsoka guda, ya rufe, ya ce sauran sai ya kai ma abokan aikinsa su ɗanɗana hannun Inna.

Ran lahadi ba ya aiki, sai ya kai su Ganbiye. Suka shiga mota zuwa Kalabi, daga nan suka shiga kwalekwale cikin tafkin Nokuwe. Ganbiye gari ne bisa ruwa, an kafa ɗakuna bisa dirkoki. Kakannin mutanen sun gudo nan ne don tsira daga masu kamun bayi. Kasuwarsu cikin jirage take ci. Auta ta ga yarinya ƙanƙanuwa tana tuƙa jirgi ita kaɗai, kamar yadda yaran Maraɗi suke kora jaki.

Dantokpa

Ran litinin Gwaggo ta tafi sari. A lokacin, kasuwar Dantokpa tana bakin mashigin ruwan da ya haɗa tafki da teku, gindin wata babbar gada. Tana cikin manyan kasuwannin Afirka ta Yamma. Bisa hanya Yaya ya riga ya gaya ma Auta cewa a can har mutanen gida akwai, su ne masu sayar da albasa.

Suka kutsa cikin lunguna. Ga atamfa jibge har sama, ga manja, ga kifi, ga gari, ga abarba. Gwaggo tana gaba, Auta tana riƙe da bakin mayafinta. Sai wani mai tura kaya ya taho yana ihu a ba shi hanya. Auta ta saki mayafin, ta matsa gefe. Da amalanken ya wuce, babu Gwaggo.

Ta yi gaba, ba ta gan ta ba. Ta dawo baya, lungun ya zama wani. Ta kira, hayaniya ta haɗiye muryarta. Ƙafafunta suka yi sanyi, hawaye ya taho. Ta tuna gida yana bayan kwana biyu na mota.

Sai ta taɓa bakin zanenta, ta ji ƙullin kuɗi. Ta taɓa jaka, ta ji littafi. Hankalinta ya ɗan dawo. Wani mai babur ya tsaya, ya yi mata alama ta hau. Ta girgiza kai. Ba ta san shi ba, kuma ba babba tare da ita.

Ta nufi wata tsohuwa mai sayar da busasshen kifi. Ta durƙusa ta gaishe ta da Hausa. Tsohuwar ba ta ji ba, amma ta ga durƙuson. Auta ta sake gaisuwa da Faransanci, tsohuwar ta amsa. Auta ba ta tambayi inda Gwaggo take ba, don wa ya san Gwaggo cikin wannan taro? Ta tambayi inda ake sayar da albasa.

Tsohuwar ta kira jikarta, ta kama hannun Auta, suka ratsa lungu huɗu. Tun kafin su isa, Auta ta ji warin albasa, sannan ta ji wata murya tana cewa:

— Kai, yaro, ɗaga buhun can!

Ba ta taɓa jin daɗin Hausa kamar ran nan ba. Ta yi sallama. Wani dattijo mai farin gemu ya amsa. Mutumin Galmi ne.

— Ɗiyata, daga ina?

— Daga Maraɗi, Baba. Na ɓace ma gwaggota.

— Kin san masaukinku?

Ta buɗe littafi ta nuna masa. Dattijon ya karanta, ya kaɗa kai, ya ce:

— Wanda ya san masaukinsa bai ɓata ba. Zauna.

Ya buga waya. Ya ba jikar tsohuwa albasa cike da hannu, ta kai ma kakarta. Ba a daɗe ba sai ga Gwaggo, mayafi a hannu, tana haki. Ta ɗaga hannu kamar za ta yi duka, sai ta rungume Auta.

Teku

Ana gobe za su koma, Yaya ya kai Auta bakin teku. Ta tsaya nesa. Ruwan yana tasowa kamar gini, ya faɗi da ƙara, ya ja da baya. Yaya ya hana ta shiga, ya ce tekun nan yana da ja, ko gwanaye suna tsoronsa. Ta tsoma yatsa cikin kumfa, ta lasa. Gishiri ne.

Can nesa manyan jirage suna jere, suna jiran shiga tasha. An buɗe wannan tasha a 1965. Yaya ya nuna mata kwantenoni jibge bisa juna, ya ce:

— Nijar ba ta da teku. Shinkafar da Inna take dafawa ran salla, da yawanta ta nan take sauka. Motocin da kika gani bisa hanya, su muke gyarawa.

Auta ta cika ƙaramin kwalba da ruwan teku, ta toshe da kyau.

Da ta koma Maraɗi, Inna ta ja ta ɗaki kafin ta sha ruwa. Auta ta faɗi duk abin da ta gani: tsawon, da ramar, da hannuwan, da takalmin. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba. Ta faɗi yadda ya yi shiru bisa kwanon. Inna ta share ido, ta ce yanzu ta ga ɗanta. Da Gwaggo za ta sake tafiya, aka ba ta sabon takalmi ta kai.

Bayan shekara huɗu

A ƙarshen watan Yuli na 2023, bayan canjin mulki a Yamai, aka rufe iyakar Nijar da Benin. Aka tare gadar Gaya. Manyan motoci suka yi dogon layi a Malanbil, wasu kaya suka lalace cikinsu. A wannan shekara da wadda ta biyo ta, matafiya sun riƙa sauka daga mota a bakin kogi, su shiga kwalekwale da kayansu, su hau wata motar a ƙetare. Kayan Nijar da yawa suka koma bi ta Lome da Burkina Faso, hanya mai nisa. Abinci ya yi tsada a kasuwar Maraɗi. A garejin su Yaya aiki ya ragu.

Lokacin Auta tana da shekara 16. Mutane suna maganar iyaka a rediyo, ita kuwa gadar take gani, da jan ruwa, da mai ayaba na Malanbil, da tsohuwa mai kifi. Ta san mutanen da ke ƙarshen hanyar, ta san abin da rufe ta yake ci musu.

Kwalban yana nan cikin akwatinta. Ruwan ya ƙafe rabi, gishiri ya kwanta a gindi. Littafin ma yana nan. In ƙannen unguwa za su yi tafiya, takan buɗe musu shafin fari, su kwafi abu ukun da Gwaggo ta faɗa.

Tambayoyi

1. Waɗanne takardu Baba ya haɗa ma Auta, kuma don me?
2. Mene ne bambancin shiga taksi a Yamai da hawan zemijan a Kwatano?
3. Me ya sa Auta ta tambayi wurin masu albasa, ba ta tambayi inda Gwaggo take ba?
4. Ku zana hanyar Yamai zuwa Kwatano, ku sa garuruwan da motar ta ratsa.
5. In baƙo ya zo garinku, da wane babban abu zai gane gidanku?